Ziyarar Ƙasar Rububin Zinare ta Klondike Tare da Jagora: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na dawo daga zuwana na biyu yankin Klondike, 'yan'uwa mazauna Kanada da Amurka, har da na gida, suke ta aiko mini da tambayoyi, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Shi ya sa na tara su wuri guda. Na fara da na mai jin sunan wurin yau, na gangara zuwa waɗanda sai mai shirin ɗaure kaya yake yi.

Ina ne Klondike ɗin, kuma me ya faru a can?

Klondike sunan wani kogi ne da ke zuba cikin babban kogin Yukon, a can arewa maso yammacin Kanada, kusa da iyakar Alaska. Yankin Yukon ya ɗara rabin Najeriya faɗi, amma mutanen cikinsa ba su kai 50,000 ba, kuma mafi yawansu a birnin Whitehorse suke zaune.

Ranar 16 ga Agusta 1896 aka tsinci zinare a wani rafi da ake kira Rabbit Creek, wanda aka sake wa suna Bonanza. Labarin bai kai duniya ba sai bayan kusan shekara guda, a Yuli 1897, da jiragen ruwa biyu suka tsaya a San Francisco da Seattle ɗauke da mahaƙa da zinarensu. Daga nan hankalin jama'a ya tashi. An ƙiyasta mutum 100,000 ne suka bar gidajensu, tsakanin 30,000 da 40,000 suka isa, wajen 4,000 suka sami zinare, 'yan ɗaruruwa kaɗai suka yi arziki. Sauran haƙarsu ba ta cimma ruwa ba. Wanda ya ga yadda matasa suka kwarara Jado ta Agadez a 2014 ba sai an yi masa dogon bayani a kan irin wannan zazzaɓi ba.

Me zai sa in bi jagora, ba in yi hayar mota in tafi abina ba?

Ana iya tafiya ba jagora, hanyoyin ba su da yawa balle a ɓata. Amma nisan da ke tsakanin gari da gari yana da yawa, gidajen mai a warwatse suke, waya kuma tana ɗaukewa na tsawon awoyi. Ɗakunan kwana a Dawson, garin da ya zama cibiyar rububin, kaɗan ne, kuma kamfanonin yawon buɗe ido kan kama su tun watanni kafin lokaci.

Babban dalilin dai shi ne, yawancin abin da za ka gani ba ya faɗin kansa. Tulin tsakuwa ne, ruɓaɓɓen katako ne, gangaren dutse ne da itatuwa suka sake rufewa. Idan babu mai ce maka a nan mutum dubu goma suka kafa tanti suna jiran ƙanƙara ta narke, tafki kawai za ka gani ka ɗauki hoto ka wuce. Jagora nagari shi ne rabin tafiyar.

Ta ina tafiyar take bi, kuma kwana nawa take ci?

Iri biyu ne aka fi yi. Na farko na masu zuwa a manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke tasowa daga Vancouver ko Seattle. Jirgin kan tsaya a Skagway ta Alaska na wuni ɗaya, a hau jirgin ƙasa ko bas a leƙa kan iyaka, wani lokaci a kai garin Carcross, a dawo kafin magariba. Na biyu shi ne na ƙasa: daga Skagway a haura zuwa Whitehorse, kimanin kilomita 175, sannan a miƙa arewa zuwa Dawson, kilomita 530 da ɗoriya, tafiyar awa shida zuwa bakwai a bas. Wasu daga Dawson sukan tsallaka su shiga Alaska ta hanyar da na yi bayani can ƙasa. Wannan kan ci mako guda zuwa kwana goma.

Abin da zan roƙe ka ka duba kafin ka biya shi ne yawan kwanakin da aka ware wa Dawson. A zuwana na farko kamfanin da muka bi dare ɗaya ya ba mu. Mun isa da yamma a gajiye, washegari da hantsi aka ce a hau mota. Na bar garin da takaici, kuma shi ya mayar da ni karo na biyu. Ƙasa da dare biyu ba ya isa. Wanda ya tsaya a Skagway kaɗai ƙofar gidan ya gani, bai shiga ciki ba.

Biza ɗaya ta isa?

Ga mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru, a'a. Skagway ƙasar Amurka ce, Carcross da Whitehorse da Dawson kuma Kanada. Zama da takardar ɗaya ba lallai ne ya buɗe maka ƙofar ɗayar ba. Wasu tsare-tsaren ma sau biyu ko uku suke ƙetare iyaka, don haka ka duba ko bizarka ta shiga sau ɗaya ce ko sau da yawa. Dokokin biza na yawan canzawa, sai ka tabbatar da naka matsayin kafin ka tura ko sisi, domin kamfani ba ya mayar da kuɗi don an hana ka wucewa.

Mai takardar Kanada kaɗai bai yi asara ba. Ya hau jirgin sama daga Vancouver zuwa Whitehorse, kamar awa biyu da rabi, ya yi Carcross da Dawson ba tare da ya taka Amurka ba. Mai takardar Amurka kaɗai kuma yana iya shiga jirgin ƙasan da ke kaiwa ƙololuwar White Pass, mashigar tsaunin da ke kan iyaka, ya juyo, tunda ba a sauka a can.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba. Bayan haka yawancin wuraren ziyara a rufe suke. Yuni da Yuli sun fi ɗumi da tsawon rana, amma su ne watannin sauro, wani lokaci da hayaƙin gobarar daji. Ni ƙarshen Agusta na fi so: sauro ya ragu, ganyaye sun koma ruwan ɗorawa da ja, dare ya fara dawowa, har akan dace da hasken nan mai launuka da ke rawa a sararin sama. A Yuni ba a ganinsa, don babu duhun da zai bayyana a ciki.

Jirgin ƙasan White Pass ya cancanci kuɗinsa?

Ya cancanta. An fara shimfiɗa layin a Mayu 1898, aka gama a Yuli 1900, kilomita 177 daga Skagway zuwa Whitehorse. Siririn layi ne, ƙafa uku tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma cikin kilomita 32 na farko yana hawa daga bakin teku zuwa sama da mita 870. An dakatar da shi a 1982, aka sake buɗe shi a 1988 don masu yawon buɗe ido. Yanzu iyakarsa Carcross.

In za ka hau daga Skagway, nemi kujerar hagu, ta nan kwarin yake. Tsakanin tarago da tarago akwai ɗan dandali da ake fita a tsaya. Na tsaya a wurin iska na yankar fuskata, jagora ya nuna mana wani siririn layi a jikin dutse, faɗinsa bai wuce na turbar awaki ba, ya ce ita ce ragowar hanyar 1898. A wannan hanya dawakai kusan 3,000 suka mutu saboda lodi da yunwa da taɓo da duka, har aka raɗa mata suna Hanyar Matattun Dawakai. Taragon ya yi tsit na ɗan lokaci bayan ya faɗi haka.

Me ake nufi da tan ɗaya na kaya da jagorori ke ta maimaitawa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin duk wanda ya gane ta ya gane Klondike. Hukumomin Kanada sun ji tsoron kada yunwa ta kashe mutane a Dawson, sai 'yan sandan doki na yankin suka kafa doka: ba mai ƙetare iyaka sai da guzurin shekara guda. Gari, wake, sukari, busasshen nama, ga tanti da murhu da gatari da zarto da kayan sanyi. Idan aka haɗa sai ya tasam ma tan guda, wato kamar buhun shinkafa 18 mai kilo 50.

Yanzu ka ɗora wannan a kan hanyar Chilkoot, kilomita 53 daga Dyea da ke kusa da Skagway zuwa tafkin Bennett, wadda dabba ba ta iya hawan ƙarshenta. Mutum yana goya kamar kilo 30, ya kai gaba ya ajiye, ya dawo hannu wofi ya sake ɗauka. Sawu talatin ke nan a kowane zango, wasu har arba'in. Kowace kilomita ɗaya sai an taka ta kusan sau sittin. A hawan ƙarshe an sassaƙa matakala wajen 1,500 a jikin ƙanƙara, mutane suna bin juna a layi ɗaya, kan wannan a dugadugan wancan, wanda ya fita don ya huta yana iya shafe awoyi kafin a ba shi wurin komawa. Ranar 3 ga Afrilu 1898 dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne sama da mutum 60. Kaburburan wasunsu suna nan a Dyea, kwanan wata ɗaya a kan allunan.

Kuma wanda ya tsallake bai isa ba tukuna. A bakin tafkin Bennett sai ya sare itace, ya tsaga katako da hannu, ya haɗa kwalekwale, ya jira ƙanƙara ta fashe. Da ta fashe a ƙarshen Mayu 1898, kwalekwale fiye da 7,000 suka tashi kusan lokaci guda, ga tafiyar wajen kilomita 800 a gabansu. Da suka isa Dawson sai suka tarar duk filaye masu kyau an kama su tun 1896, mahaƙan da suke yankin tun da farko sun riga su. Da yawa sun sayar da kayan da suka sha wuyar goyowa suka nemi kuɗin komawa gida.

Ana iya taka hanyar Chilkoot a yau?

Ana iya, amma ba ta cikin tsarin yawon bas. Tafiyar ƙafa ce ta kwana uku zuwa biyar, da izini na musamman, kana ɗauke da tantinka da abincinka. Ambaliya ta lalata ɓangaren Amurka a 2022, don haka a tambayi hukumar gandun tarihi wane sashe ne a buɗe. Ga mafi yawanmu, ɗan tattakin awa biyu daga bakin hanyar a Dyea tare da jagora ya wadatar.

Me ake gani a Skagway?

Ƙaramin gari ne mai mutum dubu ɗaya da 'yan ɗari, amma a ranar da manyan jirage huɗu suka tsaya baƙi sun ninka 'yan gari sau da yawa. Babban titin cike yake da shagunan sarƙa da zobe, kuma yawancinsu ba su da alaƙa da tarihin garin. Kada su cinye maka lokaci. Ka fara da cibiyar baƙi ta gandun tarihin da gwamnatin Amurka ta kafa a 1976, wadda ke cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A can ma'aikatan gandun suke ba da bayani, kuma sun fi kowa sanin abin da suke faɗa.

Za a ba ka labarin Soapy Smith, ɗan damfarar da ya riƙe garin da 'yan dabansa. Har ofishin aika saƙon waya ya buɗe yana karɓar dala biyar, alhali babu wayar da ta haɗa garin da ko'ina. An harbe shi ranar 8 ga Yuli 1898 a bakin tashar ruwa, a arangamar da Frank Reid ya sami raunin da ya yi ajalinsa bayan kwanaki. Dukansu suna maƙabartar da ke bayan gari. Labari ne mai jan hankali, sai dai wasu jagororin sukan tsaya a kansa har lokaci ya ƙure ba su ce komai game da Tlingit ba, mutanen da hanyar Chilkoot ta kasance turbar fataucinsu tun kafin Turawa su zo, kuma su ne suka yi dakon kaya da yawa a lokacin rububin.

Dawson fa, me ya bambanta ta?

Dawson gari ne da mutane ke rayuwa a cikinsa, ba wurin nuni kawai ba. Titunanta na ƙasa ne, gefensu dakalin katako ne da ake tafiya a kai. Ƙasan garin daskararriya ce shekara da shekaru, in gini ya ɗumama ta sai ta narke ta lotsa. Shi ya sa za ka ga tsofaffin gidajen katako sun karkace sun jingina da juna, sababbi kuma an ɗaga su a kan turaku. A 1898 dubun dubatar mutane ne a nan, ana sayayya da garin zinare ana aunawa a sikeli. A ƙidayar 2021 ba su kai 1,600 ba. Ita ce hedikwatar Yukon daga 1898 har 1953 da aka mayar Whitehorse.

Ma'aikatan hukumar gandun Kanada suna zagayawa da baƙi a ƙafa, suna buɗe tsohon gidan waya da banki da gidan wasan Palace Grand. A bakin kogi akwai jirgin ruwan Keno, irin mai fankar katako a baya, ɗan'uwan babban jirgin Klondike da ke Whitehorse. Ka tambayi labarin Belinda Mulrooney, matar da ta zo da kayan sayarwa, ta buɗe masauki kusa da wuraren haƙa, ta gina otal a gari. Irin su ne suka fi yawan mahaƙa samu. Da yamma kuma a hau tudun Midnight Dome, daga can ake ganin inda ruwan Klondike mai duhu yake shiga ruwan Yukon mai launin toka, suna gangarawa gefe da gefe kafin su gauraya.

Da gaske za a bar ni in wanke zinare, kuma zan samu?

Za a bar ka, kuma za ka samu ɗan kaɗan. A wuraren da ake biya akan ba ka faranti mai zurfi da ƙasar da aka san akwai ɗan abu a cikinta. Akwai kuma fili mai lamba 6 a rafin Bonanza inda kowa ke iya gwadawa kyauta da farantinsa, ba da inji ba, kuma abin da ka samu naka ne.

Hikimar ita ce nauyi. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, don haka in ka tsoma farantin ka girgiza, shi yake nutsewa can ƙasa. Sai ka karkata bakin farantin kana barin ruwa ya kwashe tsakuwar sama kaɗan-kaɗan, kamar mace mai rege shinkafa, sai dai a nan abin da ya kwanta shi ake so. Ruwan rafin sanyi gare shi har cikin ƙashi. Cikin minti goma yatsuna sun daina jin komai, bayana ya ƙage. Da baƙin yashi ya rage sai ga ƙwayoyi uku, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba, suna walƙiya. Aka zuba mini su a 'yar kwalba da ruwa. Kada ka shiga wani rafi da faranti ba izini, kusan kowane taku yana da mai shi.

Ta yaya suka haƙa ƙasar da ta daskare?

Zinaren yana kwance ne can ƙasa a kan dutse, ƙarƙashin taɓo da tsakuwa masu tauri kamar siminti. Sai su hura wuta da dare, da safe su kwashe abin da ya narke, su sake hurawa, har rami ya kai ƙasa. Duk hunturu suna tara ƙasar tuli-tuli. In bazara ta zo ruwa ya gudana, sai su wanke ta a dogon indararon katako mai sanduna a gicciye da ke tare zinaren. Daga baya aka koma narkarwa da tururi.

Da 'yan tsiraru suka watse sai kamfanoni suka shigo da injinan yasa masu iyo a kan ruwa. Mai lamba 4 yana nan a rafin Bonanza, tsayinsa kamar bene mai hawa takwas, kuma ya yi aiki har 1959. Ka shiga cikinsa in an ba da dama. Tulin tsakuwar da ke kwance kamar manyan tsutsotsi a gefen hanyar shiga Dawson, abin da irin waɗannan injina suka amayar ne. Wani ɗan Zamfara ya tambaye ni ko akwai gubar dalma kamar wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Aikin ya bambanta: a can dutse ake niƙawa, ƙurarsa ce ta ɗauko gubar, a nan kuwa zinaren a sake yake cikin tsakuwa, wanke shi ake yi. Ɓarnar nan ta faɗa ne a kan rafuka da dazuzzuka da kifi.

Su wane ne asalin masu ƙasar, kuma ana jin labarinsu a tafiyar?

Wajibi ne ka nema, don ba kowane tsari ke sa shi ba. Sunan Klondike ma gurɓataccen furucin Tr'ondëk ne, kalmar da ke nuni da duwatsun da ake buga turakun tarkon kifi da su. Mutanen Tr'ondëk Hwëch'in suna da sansanin kamun kifi a daidai mahaɗar kogunan biyu. Da baƙi suka mamaye wurin, shugabansu Isaac ya kwashe jama'arsa zuwa Moosehide, 'yan kilomitoci ƙasa da Dawson. Ya kuma damƙa waƙoƙi da raye-rayensu amana ga dangi a Alaska don kada su salwanta, jikoki suka koma suka karɓo daga baya. Cututtukan baƙi sun kashe da yawa, namun daji sun ƙaura, an sare itatuwa. Sai a 1998 suka ƙulla yarjejeniyar ƙasa da mulkin kai da gwamnati, kuma a 2023 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya da sunan Tr'ondëk-Klondike.

Waɗanda suka tsinci zinaren farko ma, ukun cikinsu 'yan ƙabilar Tagish ne: Keish da aka fi sani da Skookum Jim, ɗan wata 'yar'uwarsa, Dawson Charlie, da 'yar'uwar Keish, Shaaw Tláa, wato Kate. Mijinta Ba'amurke, George Carmack, shi aka rubuta a matsayin mai ganowa. Ka ware awa biyu ga cibiyar al'adu ta Dänojà Zho da ke bakin kogi a Dawson, inda 'ya'yan ƙabilar da kansu suke magana. Moosehide kuwa ba a zuwa sai da izini.

Yaya zan yi da salla inda rana ba ta son faɗuwa?

A ƙarshen Yuni rana na faɗuwa a Dawson bayan ƙarfe 12 na dare, ta fito kafin 4, kuma tsakaninsu ba duhu, jan gari ne kawai. Ita kanta azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 2. Magariba a bayyane take, amma alamar lisha da ta asuba ba sa rabuwa. Malamai sun yi bayanin ƙaddara lokaci a irin waɗannan wurare, ga kuma sauƙin kasaru da haɗa salloli ga matafiyi. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Alƙibla za ta ba ka mamaki: daga Dawson kusan arewa sak ake fuskanta, domin ta saman duniya hanyar Makka ta fi kusa. Allurar kamfas tana karkata gabas a yankin, gara ka dogara da manhajar waya da ka sauke tun kana da intanet. Akwai masallaci a Whitehorse da aka buɗe a 2018. In ka gaya wa jagora tun safe, yawanci sukan ba da minti goma a wurin tsayawa.

Abinci fa, da wuraren da ba na son shiga?

Kifi shi ne mafita, yana da yawa kuma sabo ne. Ka riƙa tambaya game da naman alade, don yana shiga karin kumallo da miya da cikin burodi ba tare da an faɗa ba, wani lokaci kuma da giya ake kwaɓa fulawar suyar kifi. Ka rubuta buƙatarka tun wajen rajista. In za ka riƙe guzuri, ka sani ba a ƙetare iyaka da nama irin kilishi, kuma dole a bayyana duk abincin da ke jaka.

Tsarin dare a Dawson yakan haɗa da gidan caca da rawa na Diamond Tooth Gerties da zagayen mashaya. Ba dole ba ne, ba kuma mai jin haushi don ka ce ba za ka ba. Ni lokacin na yi amfani da shi na zauna a bakin kogi.

Wane kaya zan ɗauka, kuma akwai haɗarin namun daji?

Tufafi masu hawa-hawa: a rana ɗaya kana iya jin zafin digiri 25 da azahar, da asuba kuma ka nemi rigar sanyi. Rigar ruwa don Skagway, takalmi mai riƙe ƙasa, maganin sauro, da ƙyallen rufe ido don barci. Sauron can yana da naci amma ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Magungunanka ka taho da isassu, kuma kada ka tafi ba inshorar lafiya, don mai ciwo mai tsanani jirgin sama ke kwasarsa.

Akwai dabbar beya, baƙa da kuma babbar mai ruwan ƙasa. In direba ya tsaya don a kalla, daga cikin mota ake kallo. Ba a ba su abinci, ba a barin ragowa a waje.

Tsofaffi da yara za su iya?

Za su iya. Abin da ke gajiyarwa zaman bas ne, ba tafiyar ƙafa ba. Mai keken guragu ya faɗa tun wuri saboda dakalin katako da matakalan injin yasa. Yara kuwa wankin zinare da jirgin ƙasa sun ishe su murna. Yaron da ke tafiya da mahaifi ɗaya ya kamata a riƙe masa takardar yardar ɗayan saboda kan iyaka.

Kuɗi da tukuici fa?

Dalar Amurka a Skagway, ta Kanada a Yukon, kati kuma yana aiki kusan ko'ina. Kaya sun fi na kudu tsada saboda nisa. Tukuici al'ada ce mai ƙarfi: kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a gidan abinci, direba da jagora kuma akan ba su a ranar rabuwa. Ka tambaya ko kuɗin shiga wuraren tarihi da tikitin jirgin ƙasa suna cikin abin da ka biya.

Mece ce hanyar da ake ce wa Saman Duniya?

Ita ce ke fita daga Dawson zuwa Alaska. Ana tsallake kogin Yukon a jirgin fito na kyauta, sai hanya ta hau doron tsaunuka, yawancinta tsakuwa, ba itace a wurare da yawa, kana hangen tudu bayan tudu har iyakar ganinka. Ofishin kan iyakar lokacin bazara kaɗai yake buɗewa, kuma yana rufewa da yamma. Da ka tsallaka sai ka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Sai mai takardun ƙasashen biyu, kamar yadda na faɗa a amsar biza.

Har yanzu ana haƙar zinare a can?

Ana yi. Rububin ya mutu ne a 1899 da aka ji labarin zinare a bakin tekun Nome ta Alaska, dubbai suka kwashe suka nufi can, amma haƙa ba ta taɓa tsayawa ba. Yau iyalai ne ke yi da katafila da famfunan ruwa, wasunsu ma suna karɓar baƙi su nuna musu aikin. In tsarinku yana da irin wannan ziyara, kada ka bari ta wuce ka.

Ba zinare kaɗai suke tonowa ba. Daskararriyar ƙasar ta adana ƙasusuwan dabbobin zamanin ƙanƙara, kuma a Yuni 2022 wani mahaƙi a rafin Eureka ya ci karo da jaririyar giwa mai gashi, da fatarta da dogon hancinta, wadda ta haura shekara 30,000 a binne. Dattawan Tr'ondëk Hwëch'in suka sa mata suna Nun cho ga. Mai son ganin irin waɗannan ƙasusuwa ya nemi cibiyar Beringia a Whitehorse, tana bakin hanya kusa da filin jirgin sama, ana iya leƙa ta a ranar komawa.